Samma'a a Kunne, Haƙƙi a Wuya: Jagorar Sauraro a Bas da Jirgin Ƙasa a Saudiyya

Tafiya a Saudiyya ta canja kama cikin 'yan shekarun nan. A 2018 jirgin Haramaini ya fara jigila tsakanin Makka da Madina, kusan kilomita 450 cikin ƙasa da awa biyu da rabi. A 2022 Makka ta samu bas-bas na cikin gari. A watan Disamba na 2024 jirgin cikin birnin Riyad ya fara ɗaukar mutane, ya cika layukansa shida a farkon 2025, da tasha 85, kuma babu direba a cikinsa. Bahaushen da a da yake tsare mota a bakin titi, ko ya jira ɗan'uwa ya rage masa hanya, yau yana zaune kafaɗa da kafaɗa da Balarabe da Ba'indiye da ɗan Fakistan da Bamisire. Tarago a rufe yake, tagarsa ba ta buɗuwa, sanyi na busawa. Duk ƙarar da ta fito daga waya ɗaya ba ta da mafita sai kunnuwan mutane.

Mu kuma mutane ne masu son sauraro. Iyayenmu da rediyo a kafaɗa suka tashi, aka zo zamanin kaset, yanzu komai ya tattaru a waya: tafsiri, labaran BBC Hausa, saƙon murya daga Kano ko Damagaram, waƙa, TikTok. Babu aibu a wannan. Aibun yana zuwa ne idan abin da kai kaɗai ka zaɓa ya zama dole a kan mutum arba'in da ba su zaɓa ba.

A aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, inda aka jero waɗanda za a kyautata wa, bayan iyaye da dangi da marayu da maƙwabta an ambaci aboki na gefe, kuma manyan malaman tafsiri sun ce abokin tafiya yana ciki. Wanda tikiti ya zaunar kusa da kai daga Jidda zuwa Madina maƙwabcinka ne na wannan ɗan lokacin, ko da ba ka san sunansa ba. A kan wannan aka gina duk matakan da ke tafe.

Mataki na farko: sayi samma'ar da ta dace da hanya

Ƙananan na'urorin kunne, waɗanda a gida ake ce wa iyafis, a nan kuma samma'a, iri biyu ne. Akwai mai kan roba da ke shiga ta toshe ramin kunne, akwai mai ƙoƙon leda mai tauri da ke zama a bakin kunne kawai, irin wadda a da ake haɗowa da sabuwar waya a kwali. Sai kuma babba mai rufe kunne gaba ɗaya.

Don tafiya a abin hawa na jama'a, mai kan roba ta fi ko'ina. Mai ƙoƙon leda tana barin rugugin inji ya shigo, sai ka ƙara murya don ka ji, muryar da ka ƙara kuma ta tsiyayo ta wannan kafar zuwa kunnen na gefenka. Asara biyu ke nan, kunnenka ya sha, maƙwabci ya sha. Mai roba yawanci tana zuwa da kawuna uku, ƙarami da matsakaici da babba. Mutane da yawa suna jefar da sauran biyun tare da kwali. Gwada dukkansu. Wanda ya dace da kai shi ne wanda, da ka saka, hayaniyar waje ta ragu tun ba ka kunna komai ba.

Idan aljihu ya ba da dama, mai kashe hayaniya tana da amfani sosai a doguwar tafiya. Tana da 'yan makirufo da ke ɗaukar ƙarar waje su fitar da kishiyarta, sai rugugi mai ɗorewa irin na inji da na'urar sanyi ya dushe. Ba ta cika iya wa muryar mutane da kukan yaro ba, kada mai shago ya cika maka baki. A kasuwannin waya irin na Shari'a Falasɗin a Jidda ko Mursalat a Riyad akwai mai kyau akwai jabu, saboda haka ka gwada a wayarka kafin ka miƙa kuɗi.

Ko kana da mai Bluetooth, ajiye mai igiya guda ɗaya a jaka. Ba ta buƙatar caji, kuma tafiyar bas daga Jidda zuwa Riyad, kusan kilomita 950, ta fi ƙarfin batirin yawancin ƙananan nan a caji ɗaya. Duba ko wayarka tana da ramin samma'a, domin sababbi da yawa ba su da shi, sai da ɗan haɗi da ake maƙalawa a wurin caji. Namijin da ke cikin harami kuwa, ƙaramar ta fi masa sauƙi, don ta raba shi da tambayar ko abin da ya ɗora a ka ya shiga hukuncin rufe kai.

Mataki na biyu: gyara wayar tun kana gida

Rabin ƙarar da waya ke yi a mota ba da niyyar mai ita ba ne. Minti biyar sun isa a gyara.

Mayar da ƙarar kira zuwa girgiza. Kashe ƙarar maɓallan rubutu, wannan ƙyas-ƙyas ɗin da mai rubutu ba ya ji amma na kusa da shi ke ƙirgawa. Rufe bakin rukunonin WhatsApp masu yawan saƙo, na dangi da na 'yan gari da na adashi. A Facebook da Instagram, hana bidiyo tashi da murya da kansa. Sauke karatun ko shirin da za ka saurara tun kana da intanet mai ƙarfi, domin a hanyar sahara sabis yana ɗaukewa, kuma mai jiran bidiyo ya buɗe shi ne ke yawan cire samma'a ya manta.

Manhajar kiran sallah tana buƙatar tunani. Idan lokaci ya shiga, wayoyi goma su ɗauka a tarago ɗaya, kowace da ladaninta, wata ta riga wata da daƙiƙa biyar, ba wanda zai iya amsa wa ko ɗaya. Yayin tafiya mayar da ita girgiza ko sanarwar rubutu. Haka kuma sanya ayar Alƙur'ani a matsayin ƙarar kira: Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya da ke Makka, ta hana wannan a 2007, kuma dalilin a fili yake, kira na shigowa za ka datse ayar a tsakiya, wayar kuma tana iya ruri a wurin da bai dace ba.

Na ƙarshe, sa wa muryar samma'a iyaka. A iPhone yana cikin saitin sauti, a sashen kare ji, inda za ka zaɓi adadin da ba za ta wuce ba. Wayoyin Samsung ma suna da iyakar muryar kiɗa da bidiyo a saitin sauti.

Mataki na uku: san iyakar murya, ka gwada ko tana tsiyaya

Nan ne mutane suka fi cutar da kansu ba su sani ba. A can cikin kunne akwai wani ɗan gurbi mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi wajen dubu 15 da ke mayar da girgizar sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, in abin ya daɗe ta kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ba zafi, ba jini. Sai dai wata rana mutum ya lura yana yawan cewa "na'am?" idan ana hira a taro.

Da desibal ake auna ƙarfin sauti. Hirar yau da kullum tana wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibal 80 na awa 40 a mako ba tare da fargaba ba. Da an kai 90, awa 40 ɗin nan ta koma awa 4. A 100 kuwa, kimanin minti 20 ne kacal a mako guda. Waya da samma'a idan aka ƙure su suna iya kai 100 har su wuce. Yi lissafi da kanka: ma'aikacin da ke hawa layin shuɗi na jirgin cikin birnin Riyad daga Baɗha zuwa Ulayya safe da yamma, murya a ƙure, yana iya cinye rabonsa na mako a tafiyar Lahadi da safe, ranar farko ta makon aiki a Saudiyya. Hukumar ta kuma ce matasa sama da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro.

Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce kada murya ta wuce kashi 60 cikin ɗari, kuma bayan awa guda a cire a ba kunne hutu na 'yan mintuna. Ga kuma dabara: daidaita muryar tun kana ɗaki, wuri mai shiru, ka lura da inda alamar ta tsaya. Idan ka shiga mota ka ji kamar ta yi ƙasa, hayaniyar waje ce ta rufe ta. Maganin shi ne kan roba da ya toshe da kyau, ba ƙarin murya ba.

Gwajin tsiyaya kala biyu ne. Kunna abin da ka saba ji a muryar da ka saba, ka saka a kunne, ka ce wa wani a gida ya zauna gefenka kamar a kujerar bas. Idan ya iya gaya maka wane malami ne ko wace waƙa ce, ta yi yawa. Na biyu, ya yi maka magana da murya ta daidai daga nisan kamu ɗaya ko biyu. Idan sai ya ɗaga murya kafin ka ji, nan ma ta yi yawa. Siririn tsiyayar nan, tsit-tsit-tsit, wani lokaci ya fi sifika a buɗe cin rai, domin kunne yana ta ƙoƙarin gane abin da yake ji ya kasa.

Mataki na huɗu: a tasha da lokacin shiga

Kada ka tsallaka titi kunnuwa biyu a toshe. Titunan Jidda da Riyad faɗi gare su kuma motoci gudu suke yi. A tasha ma bar kunne ɗaya a buɗe, ko ka kunna tsarin da ke shigo da sautin waje idan taka tana da shi, saboda sanarwar canjin dandamali ko jinkiri da Larabci da Turanci ake yi, sau ɗaya ko biyu.

Bayan ka zauna, bi wannan jeri kullum har ya zame maka jiki: rage murya ƙasa, saka samma'a, duba alamar cewa ta haɗu da waya, sannan ka danna kunnawa, ka ɗaga a hankali. Mai Bluetooth takan ƙi haɗuwa, ko ta koma wata wayar da ta taɓa sani, mutum ya yi ta ƙara murya yana mamakin me ya sa yake ji daga nesa, alhali tarago duka ake sha. Idan ka ga mutane sun juyo suna kallonka, cire ka duba.

A bas ɗin naƙal jama'i, wato sufurin jama'a, na dogon zango akan tsaya a istiraha, wurin hutawa na bakin hanya, don sallah da abinci, direba ya faɗi mintunan da ya bayar da baki. Wanda bai cire samma'a ya ji ba shi ne ake bari yana shan shayi.

Mataki na biyar: kira, saƙon murya da bidiyo

Wannan shi ne babban wurin da muke faɗuwa, kuma dalilinsa abin tausayi ne. Mutum ya yi wata da watanni bai ga iyalinsa ba, aiki ya cinye yini, lokacin da yake zaune a mota shi ne kaɗai sararin da yake da shi na jin muryar gida. Ba mai hankalin da zai ce kada ya kira. Yadda za a yi kiran ne abin dubawa.

Idan kunnuwa a toshe suke, mutum ba ya jin girman muryarsa, sai ya yi ta ɗagawa. Kafin ka amsa kira cire kunne ɗaya. Makirufon waya yana ɗaukar magana ƙasa-ƙasa sarai, musamman idan ka kawo shi kusa da baki ka kare da tafin hannu. Idan layi ya yi rauni, ihu ba ya gyara shi. "Kina ji na? Hello? Kina ji na?" sau bakwai ba ya ƙara sabis ko ɗigo. Katse ka rubuta: ina cikin jirgi, zan kira idan na sauka. Idan magana ta zama dole kuma za ta yi tsawo, a jirgin Haramaini tashi ka je wajen ƙofa tsakanin taragai.

Saƙon murya na WhatsApp ba ya buƙatar sifika ko da ba ka da samma'a. Danna shi ka kai wayar kunne kamar mai amsa kira, sautin zai koma ƙaramin ramin sama, kai kaɗai za ka ji. Abin mamaki ne yawan waɗanda ba su san wannan ba, suna riƙe waya a kwance a gefen kunne kowa na ji. Koya wa iyaye da kakanni, sau ɗaya za a nuna musu su riƙe.

Sannan ka sani Hausa ba asiri ba ce a ƙasar nan. Akwai Hausawan da kakanninsu suka zo aikin hajji a ƙasa tun kafin zamanin jirgi, aka haife su a Makka da Madina da Jidda. Akwai na Sudan, na Nijar, na Chadi, na Gana. Dubi wannan: wata baiwar Allah a jirgin Madina, waya a gaban fuska, tana ba ƙanwarta labarin kuɗin da ta tura, da wanda ya ci amanarta, da rigimarta da kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamanta a ƙasar, har da sunan unguwar da take kwana. A kujerar gefe wani mutum ne cikin farin tobi da shimagi, idonsa a kan taga. Da jirgi ya tsaya ya miƙe ya ce mata, "Hajiya, Allah ya kawo mafita, amma a rage faɗin irin wannan a mota." Shi mutumin kirki ne ya faɗa mata. Wani ba zai faɗa ba, zai riƙe. Maganar kuɗi, maganar igama (takardar izinin zama), lambar asusu, lambar sirri da banki ya turo, rikicin aure, duk a bari sai an sauka. Magana zarar bunu ce.

Kiran bidiyo yana da ƙarin haɗari. Kyamara ba fuskarka kaɗai take ɗauka ba, har da na bayanka. Jirgin Riyad yana da sashen iyali daban da na maza marasa rakiya, kuma mutanen ƙasar nan ba sa wasa da ɗaukar matansu a hoto. Dokar ladubban wuraren jama'a da ta fara aiki a 2019 da laifuka 19 ta sa tarar riyal 1000 a kan ɗaukar hoto ko bidiyon mutum ba da izininsa ba. Wanda ya ga waya ta fuskanto iyalinsa ba zai tsaya tambayar ko kira ne ko ɗauka ba. Idan kana son nuna wa 'yan gida kyan jirgin, juya kyamara ga taga, ko ka jira ka fita.

Mataki na shida: karatu da wa'azi ma a kunne

A nan ne ake samun gardama, domin mai kunna tafsiri a sifika yana ganin lada yake rabawa. Niyyarsa mai kyau ce, amma a duba abin da ke faruwa. Aya ta 204 ta Suratul A'araf ta ce idan ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru. Ka kunna a motar da wani ke amsa kiran wurin aiki, wata ke lallashin yaro, wasu ke cinikinsu. Ko dai ka tilasta musu barin buƙatunsu, ko ka sa ana surutu a kan maganar Allah. Ko wanne aka yi, kai ka jawo.

Akwai hadisin Abu Sa'idil Khudri a Sunan Abi Dawud: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya ce musu kowannensu ganawa yake da Ubangijinsa, kada sashe ya cutar da sashe, kada wani ya ɗaga murya a kan wani wajen karatu. A masallaci ke nan, tsakanin masu ibada. To ina ga bas? Wa'azin Hausa kuma, ga wanda ba ya jin harshen, ƙara ce kawai. A watan azumi abin ya fi yawa, ga shi lokacin ne mutane suka fi gajiya, wanda ya yi tahajjudi yana neman rintsawa kafin ya isa aiki. Mai karatu daga mus'hafi ko waya shi ma ya motsa leɓe ya jiyar da kansa, ya isa.

Talbiyya daban ce. Ɗaga murya da ita sunna ce ga maza, kuma a motar alhazai da ta taso daga Abyar Ali, miƙatin mutanen Madina, ko jirgin Masha'ir da ke zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa tun 2010, muhallinta ne, kowa abin da ya kawo shi ke nan. Amma da bakinka ake so, ba a kunna ta a waya a jingina da kujera ba.

Mai jin waƙa kuwa ya sani dokar 2019 ɗin nan ta sa tarar riyal 1000 a kan kunna kiɗa lokacin kiran sallah da iƙama, ta ninka idan an maimaita. Ko a kunnenka take, tsayar da ita idan ladani ya fara shi ne tarbiyyar da muka taso da ita.

Yara

Kukan jariri ba laifin kowa ba ne. Annabi da kansa yakan taƙaita sallah idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Wanda ya harari mai goyo shi ne ya yi rashin ladabi. Amma zane mai motsi da wasan waya a sifika zaɓin iyaye ne. Akwai samma'ar yara mai iyakar murya a ciki, kuma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga yara desibal 75 ne, ƙasa da na manya. Saka a kunnenki ki ji kafin ki ba shi. Wasanni da yawa ma ana yin su ba murya, yaro ba ya damuwa idan tun farko haka ya saba.

Idan wani ne ke damun ka

Fara da kyautata zato. Da yawa ba su san ana ji ba. Kada ka yi tsaki, kada ka yi magana daga nesa yadda kowa zai ji, domin wanda aka kunyata a bainar jama'a ƙara murya yake yi. Matsa kusa, yi sallama, yi magana ƙasa-ƙasa.

Wani dattijo ne a bas ɗin Makka da ya taso daga wajen Haram, ya ɗora waya a cinya tafsiri na tashi. Wani saurayi ya duƙo ya gaishe shi, ya ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya. Karatun nan yana da daɗi, sai dai hayaniya ta hana ku ji sosai. Ga wannan ku saka, za ku fi jin daɗinsa." Ya ciro mai igiya daga aljihu, ya goge kanta, ya haɗa masa. Dattijon ya saka, ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ba wanda ya ce masa ya yi kuskure, motar kuma ta yi shiru. Shi ya sa ajiye ta biyu mai araha a jaka ke da amfani fiye da ɗaya.

Ga sa'a, "Ɗan'uwa, don Allah a ɗan rage" ya wadatar. Ga uwa, "Hajiya, a yi haƙuri, muryar tana fitowa." Ga mai jin Larabci, "Lau samaht, waɗɗis saut shuwayya," wato don Allah a ɗan rage murya, ka haɗa da "ya ammi" ko "ya khala" idan babba ne, ka rufe da "Allah ya'aɗikal afiya." Idan ba ku da harshe ɗaya, murmushi da nuna kunne da yatsa, sannan ka sauke tafin hannu ƙasa, kowa ya gane. Namiji ya bar mace ta yi wa mace magana idan akwai, ya fi tsira.

Sau ɗaya ake faɗa. Idan ya ƙi, canja wuri, ko ka sanar da ma'aikacin jirgi ko direba. Kada ka taɓa wayarsa, kada ka ɗauke shi bidiyo don ka watsa, nan take laifin zai dawo kanka. Baƙo da takardunsa a hannun wani ba shi da ribar cacar baki a tasha. A ƙaramar motar haya tsakanin Makka da Jidda kuma, rediyon direba ne, roƙo ake yi ba umarni ba.

Idan kai aka yi wa magana, ka ce "afwan" ko "yi haƙuri", ka rage, shi ke nan. Kada ka tsaya bayanin cewa ai karatu ne, ko ai ba ta da ƙarfi. Wanda ya daure ya yi maka magana ya daɗe yana haƙuri kafin ya buɗe baki. Ka tuna kuma a ƙasar mutane ba sunanka ake kira ba, sunan ƙabilarka da ƙasarka ake kira, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari.

Bayan an sauka

Zafin ƙasar nan da gumi suna tara datti a kan roba, kunnen da ya daɗe a toshe da laima kuma yana saurin kamuwa da ciwo. Cire kawunan robar ka wanke da ruwa da ɗan sabulu, su bushe sarai kafin ka mayar. Jikin na'urar kuwa a goge da busasshen ƙyalle. Idan ka ara wa wani, goge kafin da bayan. Kada ka bar mai batiri a cikin mota a rana, zafin bazara yana lalata batirin. Sa ta a caji da ka isa masauki, don wadda ta mutu a hanya ita ce ke mayar da mutum ga sifika.

Lura da kunnenka idan ka cire. Idan ka ji yana ƙara kamar kukan gyare, ko muryoyin mutane sun yi kamar daga cikin ruwa, alama ce ka wuce iyaka a ranar. Ba shi hutu na yini, gobe ka rage. Idan ƙarar ta ƙi tafiya bayan kwana biyu, ko kana wahalar gane magana a cikin taro, je asibiti a auna jinka a wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Idan kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, kada ka tsaya ɗiga man zaitun ko jiran ya warware da kansa. A ranar za ka nemi likita, domin maganin wannan a kwanakin farko yake aiki.